Darasi na Goma Sha Ɗaya: Hujjar Dimokuraɗiyya a Gaban Mulkin Mamaye-Komai

Manufar darasi

Wannan darasi yana bayani ne a kan muhawarar da masana falsafar siyasa suka tafka a tsakiyar ƙarni na 20, lokacin da wasu manyan ƙasashe suka faɗa hannun gwamnatocin da ke da'awar mallakar rayuwar ɗan ƙasa gaba ɗayanta, kuma zai fi mayar da hankali ga hujjar da Karl Popper ya kafa domin kare dimokuraɗiyya. A ƙarshen darasin ana sa ran mai karatu zai iya bambance kama-karya da mulkin mamaye-komai, ya bayyana tunanin da wannan mulki ya ginu a kai, sannan ya auna da kansa ko amsar da aka ba shi ta gamsar.

1. Abin da ake nufi da mulkin mamaye-komai

Kama-karya shi ne mulkin da mutum ɗaya ko 'yan tsiraru suke riƙe da ragamar ƙasa ba tare da wata doka ko majalisa da za ta taka musu burki ba, kuma irin wannan mulki daɗaɗɗe ne, domin tarihi cike yake da azzaluman sarakuna da sojojin da suka ƙwaci mulki da bakin bindiga. Abin da ya fi damun ɗan kama-karya shi ne kada a taɓa kujerarsa, saboda haka matuƙar talaka ya biya haraji ya kuma kame bakinsa daga siyasa, yakan ƙyale shi da gonarsa da kasuwarsa da wurin ibadarsa. Gwamnatocin soja da aka yi a Nijeriya da Nijar da Gana suna cikin wannan rukuni, domin ko da yake sun rufe jaridu sun kuma tsare 'yan adawa, kasuwanni da makarantun allo da majalisun malamai da fadojin sarakuna sun ci gaba da gudanar da harkokinsu.

Mulkin mamaye-komai ya zarce haka nesa ba kusa ba, domin shi burinsa shi ne kada a samu wani lungu na rayuwa da ya kuɓuce wa gwamnati. Alamominsa su ne jam'iyya ɗaya tilo ƙarƙashin jagora ɗaya, da aƙida ɗaya da aka wajabta wa kowa, da 'yan sandan ciki masu bibiyar abin da mutane ke faɗa har a cikin ɗakunansu, da riƙe duk kafofin yaɗa labarai da makarantu da tattalin arziki a hannu guda. Misalan da masana suka fi kawowa su ne Italiya ƙarƙashin Benito Mussolini daga 1922, da Jamus ƙarƙashin Adolf Hitler daga 1933 zuwa 1945, da Tarayyar Sobiyet a zamanin Josef Stalin, wanda ya rasu a 1953. A Italiya, a shekarar 1931, an tilasta wa malaman jami'a rantsuwar biyayya ga gwamnatin Fasist ta Mussolini, kuma cikin malamai kimanin 1,200 waɗanda suka ƙi rantsuwar ba su wuce goma sha 'yan kai ba. A Jamus kuwa, cikin watan Mayu na 1933 kaɗai, an rushe ƙungiyoyin ƙwadago an kuma ƙona littattafai a bainar jama'a, sannan a watan Yuli aka kafa dokar da ta haramta kowace jam'iyya in ban da ta Nazi, wato jam'iyyar Hitler.

Hannah Arendt, Bajamushiya Bayahudiya da ta tsere daga Jamus a 1933 ta kuma isa Amurka a 1941, ta wallafa littafi a 1951 a kan asalin wannan mulki, inda ta nuna cewa ƙafafunsa biyu ne, wato aƙida da tsoro. Aƙidar tana ba da amsa ɗaya ga kowace tambaya, shi kuwa tsoron yana raba mutum da maƙwabcinsa da abokinsa har ma da iyalinsa, ta yadda kowa zai wayi gari shi kaɗai a gaban gwamnati, ba shi da wanda zai amince ya faɗa wa abin da ya gani da idonsa.

2. Tunanin da wannan mulki ya ginu a kai

Kuskure ne a ɗauka cewa zalunci tsagwaronsa ne ya haifar da waɗannan gwamnatoci, domin akwai masu ilimi da suka kare su da hujjoji, kuma wanda bai san hujjojin ba ba zai iya rusa su ba. Mafi daɗewa cikinsu ita ce ta Aflatun, wanda Turawa ke kira Plato, masanin falsafa na birnin Atina a ƙasar Girka, wanda ya ga yadda kotun jama'ar garinsu ta yanke wa malaminsa Sukurat hukuncin kisa a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). A littafinsa na Jamhuriya, Aflatun ya yi nuni da cewa mulki sana'a ce mai buƙatar ƙwarewa kamar tuƙin jirgin ruwa, don haka bai kamata a damƙa shi ga taron jama'a ba sai ga masu hikima da aka horar tun suna yara. Ya kasa al'ummar da yake buri gida uku, wato masu mulki da mayaƙa da masu sana'a, ya halatta wa masu mulki su yi wa jama'a ƙarya idan maslahar ƙasa ta buƙaci haka, ya kuma ba su ikon tace waƙoƙi da labaran da za a riƙa karantar da yara.

Hujja ta biyu ita ce da'awar cewa tarihi yana tafiya ne bisa wasu ƙa'idoji da ba sa sauyawa, kuma akwai waɗanda suka gano su. A wajen mabiya Karl Marx tarihi gwagwarmaya ce tsakanin azuzuwan al'umma, wadda tilas ta ƙare da nasarar ma'aikata a kan 'yan jari-hujja, a wajen 'yan Nazi kuwa gwagwarmaya ce tsakanin jinsunan 'yan Adam. Ko da yake aƙidun biyu sun yi hannun riga da juna, sakamakonsu ɗaya ne a aikace, domin duk wanda ya yi imani cewa ya san inda tarihi ya dosa ba zai ɗauki mai saɓa masa a matsayin ɗan ƙasa mai wani ra'ayi dabam ba, zai ɗauke shi ne a matsayin ƙarfen ƙafa da ya wajaba a cire. Carl Schmitt, masanin shari'a Bajamushe wanda ya shiga jam'iyyar Nazi a 1933, ya ƙara da cewa asalin siyasa shi ne bambance namu da abokin gaba, kuma ya ɗauki muhawarar majalisa a matsayin surutun da ke hana yanke hukunci.

3. Yadda Popper ya sauya tambayar

An haifi Karl Popper a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya a 1902, kuma ya fara yin suna ne a fagen falsafar kimiyya da littafin da ya wallafa a 1934. Da yake iyalinsa asalinsu Yahudawa ne, ya bar Ostiriya a 1937 ya tafi koyarwa a birnin Christchurch na ƙasar Niyu Zilan, kuma a can ne, da ya sami labarin shigar sojojin Hitler ƙasarsa a watan Maris na 1938, ya ƙuduri aniyar rubuta littafin da za a iya fassara sunansa da Buɗaɗɗiyar Al'umma da Maƙiyanta, wanda ya fito a Landan a 1945 cikin mujalladi biyu. Abin da yake nufi da buɗaɗɗiyar al'umma shi ne al'ummar da dokokinta da shugabanninta da al'adunta suke karɓar suka da gyara, saɓanin rufaffiyar al'umma wadda take ɗaukar tambaya a matsayin laifi.

Tushen hujjarsa ya fito ne daga nazarinsa na kimiyya. A ganinsa ilimi ba ya ci gaba ta hanyar tara tabbaci, yana ci gaba ne ta hanyar kawo zato, a jarraba shi, a gano inda ya gaza, a maye gurbinsa da wanda ya fi shi, don haka duk nazariyyar da aka kare daga jarrabawa ta fita daga sahun kimiyya. Da ya juyo kan siyasa sai ya ce kowace manufar gwamnati ita ma zato ce, domin babu shugaban da ya san duk abin da dokarsa za ta haifar idan ta isa ƙauyuka da kasuwanni. Game da masu da'awar sanin makomar tarihi kuwa, amsarsa ita ce tafiyar tarihi tana dogara ƙwarai da sabon ilimin da mutane ke ganowa, kuma babu wanda zai iya sanin yau abin da sai gobe za a gano, saboda haka babu wanda zai iya zana makomar al'umma da yaƙini.

Daga nan ne ya kai ga batun da ya fi shahara da shi. Tun daga Aflatun masana suke tambayar wa ya cancanci mulki, wasu su ce masu hikima, wasu su ce ma'aikata, wasu su ce jinsi mafi daraja, wasu su ce mafi rinjayen jama'a. Popper ya ce tambayar ce da kanta take da illa, domin duk amsar da aka bayar tana ƙarewa ne da miƙa wa wani rukuni iko marar iyaka, alhali tarihi ya nuna cewa shugabanni nagari masu hangen nesa ba su da yawa, kuma nagarin ma sukan yi kuskure ko su lalace a kan kujera. Tambayar da ya ce ta dace ita ce yadda za a tsara hukumomin ƙasa ta yadda mugun shugaba ko marar ƙwarewa ba zai iya yin ɓarna mai yawa ba, kuma za a iya sauke shi ba tare da an zubar da jini ba. Bisa wannan ma'auni gwamnatoci iri biyu ne kacal, wato wadda jama'a ke iya saukewa cikin lumana, ita ce ya kira dimokuraɗiyya, da wadda ba ta sauka sai da juyin mulki ko yaƙi ko mutuwar mai ita.

Wannan fahimta ta kai shi ga fifita gyara kaɗan-kaɗan a kan rushe al'umma domin a sake gina ta bisa wani kyakkyawan mafarki. Manomi mai hankali idan aka kawo masa sabon iri yakan gwada shi a wani sashe na gonarsa, in ya yi kyau ya faɗaɗa baɗi, in bai yi ba asararsa kaɗan ce kuma ya ƙaru da sani, amma wanda ya shuke gonar duka da irin da bai sani ba ya jefa abincin shekarar iyalinsa cikin caca. Haka kuma Popper ya shawarci gwamnati ta fi mayar da hankali ga kawar da wahalhalun da kowa ke gani, kamar yunwa da cuta da jahilci da zalunci, domin mutane sukan yi saurin daidaitawa a kan abin da ke cutar da su, amma da wuya su daidaita a kan siffar al'ummar da ta kai matuƙa wajen kyau, kuma mai son dole sai tasa siffar ta tabbata ƙarshensa amfani da ƙarfi.

4. Abin da ke faruwa idan aka toshe bakin masu gyara

Hausawa na cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, amma a ƙarƙashin mulkin mamaye-komai duk wanda ya ce a gyara ana lissafa shi cikin maciya amana, kuma illar hakan tana komawa ne kan gwamnatin kanta, domin takan wayi gari ba ta jin komai sai abin da take son ji. A Tarayyar Sobiyet, Trofim Lysenko ya sami goyon bayan Stalin a kan wasu ra'ayoyin noma da ba su da tushe, har aka haramta koyar da ilimin gadon halitta a 1948, shi kuwa Nikolai Vavilov, masanin tsirrai da ya zagaya duniya yana tattara irin shuka, wanda ya saɓa wa ra'ayoyin Lysenko, an kama shi a 1940 kuma ya mutu a kurkukun Saratov a 1943.

Misalin da ya fi tsanani ya faru ne a ƙasar Sin, lokacin da Mao Zedong ya ƙaddamar da shirin gaggauta bunƙasa ƙasa a 1958. An tattara manoma cikin manyan gonakin haɗin gwiwa, an sa su narka tukwane da fartanyoyi a ƙananan maƙeru na bayan gida domin a samar da ƙarfe, wanda yawancinsa bai yi amfani ba, yayin da amfanin gona ke lalacewa saboda rashin masu girbi. Jami'an gundumomi, don tsoron kada a ce ba su da kishi, sai suka riƙa aika wa na sama alƙaluman girbi da aka kumbura, gwamnati kuma ta karɓi kasonta na hatsi bisa waɗannan alƙaluma na ƙarya, aka bar ƙauyuka da rumbuna wayam. A watan Yuli na 1959, a taron shugabannin jam'iyya da aka yi a Lushan, ministan tsaro Peng Dehuai ya rubuta wa Mao wasiƙa yana nuna masa kurakuran shirin, sai Mao ya rarraba wasiƙar ga mahalarta taron, aka yi wa Peng taron dangi aka tuɓe shi. Bayan haka babu wanda ya sake buɗe baki, shirin ya ci gaba, kuma ko da yake ƙiyasin masu bincike ya bambanta, da yawansu sun sanya adadin waɗanda yunwar ta kashe a kan miliyan 30 ko fiye.

Amartya Sen, masanin tattalin arziki ɗan Indiya da ya sami kyautar Nobel a 1998, ya lura cewa ba a samun gagarumar yunwa mai kashe jama'a a ƙasar da ke da zaɓe na gaskiya da 'yan adawa da 'yancin jarida. Ya kafa hujja da ƙasarsa, inda yunwar Bengal ta 1943 ta kashe mutane tsakanin miliyan 2 zuwa 3 a ƙarƙashin mulkin mallakar Ingila, amma tun samun 'yancin kai a 1947 ba a sake ganin irinta ba, duk da fari da talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki da suka ci gaba da addabar ƙasar. Dalilin shi ne gwamnatin da ta san jarida za ta tona mata asiri, kuma masu ƙuri'a za su hukunta ta, ba ta da damar kawar da kai.

5. Sauke shugaba ba tare da zubar da jini ba

A watan Yuli na 1945, 'yan makonni bayan Jamus ta miƙa wuya, aka yi babban zaɓe a Biritaniya, kuma Winston Churchill, wanda ya jagoranci ƙasar a yaƙin, ya baro taron manyan ƙasashe da ake yi a Potsdam domin ya ji sakamakon. Ranar 26 ga watan aka bayyana cewa jam'iyyarsa ta sha kaye a hannun jam'iyyar Leba, a yammacin ranar ya miƙa wa sarki takardar murabus, kuma Clement Attlee na jam'iyyar Leba ne ya koma Potsdam ya zauna a kujerarsa. Ko masu ƙuri'ar sun yi daidai ko sun yi kuskure, abin lura shi ne mutumin da ya fi kowa ƙarfi da farin jini a ƙasar ya sauka a yini guda ba tare da an harba ko da harsashi ɗaya ba.

Wannan ma'auni ba baƙo ba ne ga mai karatu a Afirka ta Yamma, domin ya ga hanyoyin biyu. A Nijeriya juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966 ya ci rayukan Firaminista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Firimiyan Arewa Ahmadu Bello da wasu shugabanni, ya kuma buɗe ƙofar rikicin da ya kai ga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970. A zaɓen 2015 kuwa shugaba mai ci, Goodluck Jonathan, ya buga wa Muhammadu Buhari waya ya amsa shan kaye, ya kuma miƙa mulki ranar 29 ga Mayu, kamar yadda jam'iyya mai mulki a Gana ta miƙa wa John Kufuor bayan zaɓen shekarar 2000.

6. Sukar da ake yi wa wannan hujja

Suka ta farko ita ce jama'a da kansu suna iya zaɓen azzalumi, kuma ana kafa hujja da Hitler. Gaskiya ne cewa jam'iyyarsa ta zo ta ɗaya a zaɓukan 1932, amma ba ta taɓa samun rinjayen ƙuri'u a zaɓen da ake takara ba, domin ko a watan Maris na 1933, bayan ya hau mulki yana kuma tsoratar da abokan hamayya, kashi 43.9 cikin ɗari ta samu. Ranar 23 ga Maris majalisa ta zauna a wani gidan wasan kwaikwayo a Balin, 'yan bangar Nazi sanye da kayan sarki sun cika ƙofofi da farfajiya, an riga an kama ko an kori 'yan majalisa 81 na jam'iyyar Kwaminis, sannan aka kaɗa ƙuri'ar miƙa wa Hitler ikon yin doka ba tare da majalisa ba. 'Yan majalisa 444 suka amince, 94 na jam'iyyar Soshal Dimokurat ƙarƙashin Otto Wels suka ƙi. Darasin da Popper ya ɗauka shi ne rinjaye ba shi da haƙƙin rushe hanyar da za a bi a sauke shi, kuma al'umma mai haƙuri da kowane ra'ayi tana da haƙƙin kare kanta daga waɗanda suka ƙi muhawara suka koma ga duka da bindiga, ko da yake ya fi son a tunkari miyagun ra'ayoyi da hujja matuƙar hakan zai yiwu. Tsarin mulkin Jamus ta Yamma na 1949 ya bi wannan hanya, domin ya ware wasu ginshiƙai, kamar martabar ɗan Adam da tsarin dimokuraɗiyya, waɗanda babu rinjayen da zai iya soke su.

Suka ta biyu ita ce dimokuraɗiyya tana da jan ƙafa da tsada, kuma sayen ƙuri'a da maguɗi da bangar siyasa sukan mayar da zaɓe wasan yara. Wannan ƙorafi gaskiya ne, sai dai idan aka duba da kyau za a ga cewa duk abubuwan da aka lissafa hanyoyi ne na hana jama'a sauke wanda suke son saukewa, don haka maganinsu shi ne ƙarfafa hukumar zaɓe da kotuna da jarida, ba miƙa wuya ga wanda babu hanyar sauke shi kwata-kwata ba. Suka ta uku ta shafi Popper kansa, domin masana da dama sun ce ya yi wa Aflatun rashin adalci wajen fassara maganganunsa, wasu kuma sun ce gyara kaɗan-kaɗan yana iya zama uzurin masu hannu da shuni na jinkirta adalci. Waɗannan ƙorafe-ƙorafe suna da nauyi, amma ba su taɓa ginshiƙin hujjar ba, kuma damar da aka samu ta buga su a karanta ita kanta shaida ce ta amfanin buɗaɗɗiyar al'umma.

Kammalawa

Hujjar da aka bibiya a wannan darasi ba ta dogara da cewa jama'a ba sa kuskure ba, kuma ba ta yi alkawarin cewa zaɓe zai riƙa kawo shugaba nagari ba. Ta dogara ne da abin da kowa ya sani, wato duk ɗan Adam ajizi ne, mai mulki da wanda ake mulka, don haka tsarin da ya fi aminci shi ne wanda ya bar ƙofa a buɗe domin a faɗi kuskure, a ji shi, a gyara shi, a kuma sauke wanda ya ƙi gyaruwa cikin lumana. Mulkin mamaye-komai ya rufe wannan ƙofa da gangan, shi ya sa kurakuransa suke girma har su ci rayukan miliyoyin mutane kafin a ankara.

Tambayoyi

1. Mene ne bambanci tsakanin kama-karya da mulkin mamaye-komai? A kawo alamomi uku na mulkin mamaye-komai.
2. Me ya sa Popper ya ƙi tambayar wa ya cancanci mulki, kuma wace tambaya ya kawo a madadinta?
3. Ta yaya tuɓe Peng Dehuai a 1959 ya ƙara tsananta yunwa a ƙasar Sin?
4. Wace amsa za a ba wanda ya ce dimokuraɗiyya ce ta kawo Hitler?

Aikin rukuni

Ɗalibai su kasu gida biyu, kowane rukuni ya zaɓi wata ƙungiya da ya sani, kamar ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta manoma ko kwamitin unguwa, ya bincika yadda ake zaɓen shugabanninta, da hanyar da ɗan ƙungiya zai bi ya kai ƙorafi, da yadda ake sauke shugaban da ya gaza. A rubuta abin da aka gano a shafi ɗaya, a kawo shi aji a zama na gaba domin a tattauna.